Motar wasa mai tuƙa kanta: wane direba, wane batir, wace ƙwaƙwalwa za a zaɓa

Motar wasa mai batir da ake saya wa yara da sallah a kasuwannin Garwa, Marwa ko Njamena ba ta cika daɗewa ba kafin rimot ɗinta ya ɓace ko ya daina aiki, alhali tayoyinta da injinta da haƙoran giyarta suna nan garau. Irin wannan mota ita ce gangar jiki mafi arha ga ɗalibin makarantar fasaha ko mai gyaran wayar hannu da ke son koyon sarrafa inji da manhaja, domin da zarar an sa mata ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki da na'urar gane abin da ke gabanta, za ta iya tafiya ita kaɗai, ta tsaya kafin ta daki bango, ta ja da baya ta sake hanya. Masu farawa sukan soma da tambayar wace ƙwaƙwalwa za su saya, Arduino ko ESP32, kuma a nan kuɗinsu da hankalinsu suke ƙarewa. A ganina wannan tambaya ce ta ƙarshe. Kowace daga cikin ƙwaƙwalen da ke kasuwa ta fi ƙarfin wannan aiki, abin da ke kashe shi a yankinmu kuwa shi ne direban inji, wato allon da ke karɓar umarnin ƙwaƙwalwa ya tura wa inji wuta, da ke zafi, da batirin da ba ya ɗaukar nauyi, da na'urar da rana ke makantarwa. Saboda haka daga motar ya kamata a fara zaɓe, a yi sama.

Motocin wasa iri biyu ne ta fuskar tuƙi, kuma bambancinsu ya fi duk wani bambanci da za a ambata nan gaba tasiri a kan wahalar aikin. Iri na farko shi ne mai kama da motar gaske: inji ɗaya a baya yana tura ta, wani ƙaramin inji a gaba yana karkata tayoyin, sifirin kuma yana mayar da su tsakiya idan an ɗauke wuta. Wannan sitiyari matsayi uku kaɗai ya sani, wato hagu gaba ɗaya, dama gaba ɗaya, da miƙe, kuma motar ba ta iya juyawa sai tana tafiya. Idan ta shiga lungu, dole manhajar ta sa ta ja da baya da tayoyi a karkace, ta tsaya, ta sake yin gaba ta ɗaya ɓangaren, wani lokaci har sau biyu ko uku, kuma tana yin bayan nan ba tare da ganin abin da ke bayanta ba. Iri na biyu shi ne mai inji ɗaya a kowane gefe, kamar tankar yaƙi ta wasa, ko katafila, ko motocin nan masu wuntsilawa. Ita wannan idan aka tura gefen hagu gaba aka ja na dama baya, nan take za ta juya a inda take tsaye, kuma umarnin da zai fitar da ita daga lungu bai wuce layi kaɗan ba. Wanda yake da damar zaɓe, ya ɗauki mai inji a kowane gefe ko da ta fi muni a ido. Wanda kuwa mai sitiyari ce a hannunsa, zai iya cire injin gaban ya sa ƙaramin injin da ake kira sabo (servo) irin SG90, mai nauyin giram 9, wanda yake tsayawa a duk kusurwar da aka umarce shi. Tuƙin zai yi laushi ƙwarai, amma sai an yi sassaƙa da liƙi a cikin roba, kuma haƙoransa na roba ba sa jure karo mai ƙarfi.

Bayan an kwance motar, sai tambayar ko a bar allon da ya zo da ita ko a cire shi. Tsofaffin motoci masu dogon eriya, waɗanda aka rubuta wa 27 MHz ko 40 MHz ko 49 MHz, da yawansu suna ɗauke da ayisi (IC), wato ɗan baƙin guntun lantarki, mai ƙafa 16 da ake kira RX-2B ko wani ɗan'uwansa, kuma ƙafafu huɗu daga cikinsu su ne ke ba da umarnin gaba, baya, hagu da dama ga taransistocin da ke tura injinan. Idan aka cire ayisin, ko aka yanke waɗannan ƙafafu huɗu aka jona su da ƙwaƙwalwar da aka kawo, an samu direba kyauta, wanda kuma masana'antar ta riga ta auna shi daidai da injin. Wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne ga wanda zai jira makonni kafin kaya su iso daga Duwala ko Kano. Haɗarinsa ɗaya ne, amma babba: idan kuskuren manhaja ya kunna gaba da baya a lokaci guda, a yawancin waɗannan alluna wutar batir za ta bi ta cikin taransistocin kai tsaye ta ƙona su cikin daƙiƙa. Sababbin motoci masu 2.4 GHz kuwa galibi ayisinsu ba shi da suna, ko an rufe shi da ɗigon baƙin danko, kuma bin diddigin hanyoyinsa ɓata lokaci ne. A nan shawara a fili take, a yanke wayoyin injinan daga allon, a ajiye shi gefe, a sayi direba.

Kafin a sayi direban sai an san abin da injin yake ci. Yawan ramukan batir yana nuna ƙarfin wutar da aka yi shi dominta, uku volt 4.5 ke nan, huɗu kuma volt 6. Abin da ya fi muhimmanci shi ne yawan wutar da yake ja idan taya ta maƙale, domin motar da ke gudu a kan siminti ko tayil tana jan wuta kaɗan, amma da ta faɗa rairayin tsakar gida ko ta dafe jikin bango, abin da take ja yakan ninka sau da yawa. Hanya mafi sauƙi ita ce a auna turjiyar injin da mita tsakanin ƙafafunsa biyu, a ɗan juya shi a sake aunawa, sannan a raba yawan volt da mafi ƙanƙantar lambar da aka samu. Injin da ya nuna om 4 a kan volt 6, alal misali, zai ja kusan amfiya 1.5 idan ya maƙale. Da wannan lamba ake zaɓen direba, ba da wadda ake gani lokacin da tayoyi ke juyawa a iska ba.

Direban da aka fi samu a hannun masu sayarwa, wanda kuma ya cika hotuna da bidiyon koyarwa, shi ne L298N, jan allon nan mai baƙin ƙarfen sanyaya. Yana da abubuwan yabo na gaskiya. Wayoyi da sukuru ake ɗaure su ba sai an narka dalma ba, yana ɗaukar har amfiya 2 a kowane inji, yana jure kuskuren mai koyo, kuma akwai abin rage wuta a jikinsa da ke fitar da volt 5. Aibinsa shi ne tsohon tsari ne da ke cinye kusan volt 2 a cikinsa kafin wuta ta kai ga inji, har fiye da haka idan nauyi ya ƙaru. Wanda ya ba shi batir huɗu masu volt 6, kusan volt 4 ne za su isa injin, kuma da batiran sun ɗan yi sanyi sai motar ta riƙa kuka ba ta motsi. Waɗannan volt 2 da suka ɓace zafi suke komawa, kusan wat 2 a kan kowace amfiya, kuma a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Kusiri ke haura digiri 40, ƙarfen sanyayar da ke cikin rufaffiyar robar mota ba shi da iskar da zai zubar wa zafin. TB6612FNG na kamfanin Toshiba da DRV8833 na Texas Instruments sababbin tsari ne, asararsu ba ta wuce rabin volt a kan amfiya ɗaya, ba sa bukatar ƙarfen sanyaya, kuma girmansu bai fi na babban yatsa ba, don haka suna shiga inda tsohon allon motar ya fita. Na farkon yana ɗaukar amfiya 1.2 a kai a kai da 3.2 na ɗan ƙiftawa, a kan wuta har volt 13.5. Na biyun yana aiki daga volt 2.7 zuwa 10.8, da kusan amfiya 1.5, kuma shi ya fi dacewa da injinan volt 3 zuwa 6 da suka fi yawa a kayan wasa. Kuɗin da ake biya a kansu shi ne sai an liƙa musu ƙafafu da dalma, aikin da kowane mai gyaran wayar hannu zai yi cikin mintoci, sannan kowannensu yana da ƙafar barci, STBY a jikin TB6612FNG, wadda idan ba a ba ta wuta ba direban zai yi shiru kamar ya mutu. Mutane da yawa sun zubar da lafiyayyen direba saboda wannan ƙafa ɗaya.

Wuri ɗaya ne nake ganin L298N ya cancanci a fifita shi, wato idan injin na volt 6 ne, motar babba ce mai sarari, kuma za a yi amfani da batirin litiyom biyu a jere, domin a nan volt 2 da yake ci su ne suke sauko da wutar zuwa abin da injin yake so. Shi kuwa L293D, wanda ake gani a allunan da ake ɗora wa Arduino Uno, asararsa irin ta L298N ce ga shi miliamfiya 600 kaɗai yake ɗauka, don haka ban ga dalilin sayensa ba sai idan babu wani. Akwai kuma ƙananan alluna masu arha irin MX1508 da suke wadatar da ƙaramar mota, kuma a wajena sun fi L293D.

Batir shi ne inda araha ba ta ado. Batiran rediyo masu arha da ake samu a kowane teburi an yi su ne don abin da ke jan wuta kaɗan na dogon lokaci, kuma da inji ya fizgi wuta sai ƙarfinsu ya faɗi, ƙwaƙwalwar ta mutu ta sake tashi, motar ta yi tsalle ɗaya ta tsaya. Ɗan batirin nan mai kusurwa huɗu na volt 9 ya fi su muni a wannan aiki, duk da ana yawan ganinsa a hotuna. Batiran alkalin (alkaline) masu kyau suna aiki, amma sayensu kowane mako zai fi kuɗin motar cikin ɗan lokaci. Zaɓe na gaskiya yana tsakanin NiMH masu caji da litiyom 18650. NiMH suna shiga ramin batirin motar ba tare da an sauya komai ba, ba sa kama wuta da sauƙi, kuma su zan ba duk wanda yaro ƙarami ne zai riƙa taɓa motar. Sai dai kowanne volt 1.2 ne, huɗu ke nan volt 4.8, wanda ya ishi inji ta hannun DRV8833 amma bai isa ƙafar VIN ta Arduino ba, inda ake shigar da wutar batir, wadda ke son volt 7 zuwa 12. Shi 18650 volt 3.7 ne, 4.2 idan ya cika, biyu a jere suna ba da 7.4 zuwa 8.4, sun ishi ƙwaƙwalwa da inji gaba ɗaya, kuma ana samun su a cikin tsofaffin batiran kwamfutar cinya da fitilun sola. Duk wanda aka rubuta wa 9900 mAh, wato ma'aunin cajin da yake ɗauka, ƙarya ce, domin na gaskiyar ba sa wuce kusan 3500. Sharuɗɗansa kuwa ba na wasa ba ne. Ɗan allon cajin TP4056 na batir ɗaya ne, don haka biyu a jere sai an cire su an yi wa kowanne caji daban, ko a sa musu allon kariya na batir biyu. Masu ƙera su sun ƙayyade caji tsakanin digiri 0 da 45, ɗakin kwano da azahar a watan Afrilu kuma yana iya kai wa wannan iyaka, saboda haka da dare ko da sassafe ya kamata a yi cajin idan akwai wuta, a kan siminti, nesa da katifa. Wanda kuma ya haɗa volt 8.4 da injin volt 4.5 ta hannun direba marar asara, dole ya taƙaita gudun a cikin manhaja, ya tsayar da analogWrite, umarnin da ke ƙayyade gudun inji, wajen 130 daga cikin 255, in ba haka ba injin zai yi wari.

Ko wane batir aka zaɓa, abubuwa uku ba sa sauyawa. Ba a jona inji kai tsaye da ƙafar ƙwaƙwalwa, domin ƙafar Arduino miliamfiya 20 aka yi ta ta bayar, 40 kuma ita ce iyakar da take lalacewa. Ƙafar GND, wato nagatif, ta ƙwaƙwalwa da ta direba da ta batir dole su haɗu. Sannan a liƙa ɗan kwandansa mai lamba 104 tsakanin ƙafafun kowane inji, saboda tartsatsin cikin injin yana rikita na'urorin awo. Idan an sa injin sabo (servo), gara a ba shi volt 5 daga allon rage wuta irin LM2596 maimakon a ja daga jikin Arduino.

A wajen idon motar ne yanayin ƙasarmu ya fi yin magana. Na'urar gane cikas mafi arha ita ce mai fitilu biyu ƙanana, ɗaya tana fitar da hasken infirared ɗaya tana karɓar wanda ya dawo, kuma a cikin ɗaki takan ga abu daga santimita 2 zuwa kusan 30. Hasken rana cike yake da infirared, saboda haka da an fito da motar tsakar gida sai na'urar ta riƙa ganin cikas inda babu komai, motar ta yi ta ja da baya, ko hasken da ke shigowa ta ƙofa ma yakan isa ya rikita ta. Ba ta ganin baƙin abu da kyau, ba ta faɗin nisa sai dai akwai ko babu, kuma ƙurar hunturu tana rufe fitilun. Inda infirared yake da amfani shi ne bin layi, da na'urorin infirared irin TCRT5000 guda biyu ko uku suna kallon ƙasa daga 'yan milimitoci, a inuwar gangar motar, suna bin baƙin salatif a kan farin tayil ko kwali. Wannan wasan cikin aji ne, kuma yana da kyau ga gasar ɗalibai. Don kauce wa cikas kuwa HC-SR04 ce ta dace da mu, mai kama da idanu biyu, wadda ke fitar da sauti mai kilohaz 40 da kunnen mutum ba ya ji, ta auna lokacin da amsa-kuwwarsa ta ɗauka kafin ta dawo. Rana ba ta dame ta ba, launin abu bai dame ta ba, tana auna daga santimita 2 zuwa mita 4, kuma lissafinta mai sauƙi ne, a raba yawan mikrosakan da 58 a sami santimita. Zafi yana ɗan taɓa lissafin, domin sauti yana gudun mita 343 a daƙiƙa a digiri 20 amma kusan 355 a digiri 40, ta yadda bangon da ke nisan mita ɗaya zai fito kamar santimita 97. Ga motar wasa wannan ba abin damuwa ba ne.

Raunin HC-SR04 na gaskiya yana wani wuri dabam. Labule da katifa da tufafi suna shanye sautin, ƙafar kujera siririya takan kuɓuce mata tunda kusurwar ganinta kusan digiri 15 ce, kuma ƙofar ƙarfe ko bango mai santsi idan aka tunkare shi a karkace yana karkatar da sautin ya tafi wani wuri, sai motar ta ɗauka fili ne. Katangar ƙasa ko ta bulo marar shafe ta fi mata sauƙin gani. Idan an ɗaura ta ƙasa-ƙasa kuma, tudun rairayi da bakin tabarma za su riƙa tsayar da motar. Akwai kuma tarko a cikin manhaja da ya kamata a sani tun farko: umarnin pulseIn, mai auna lokacin dawowar sautin, idan ba a sa masa iyaka ba, yana iya jira har daƙiƙa ɗaya cur idan amsar ba ta zo ba, kuma motar da ke gudun mita 2 a daƙiƙa ta yi tafiyar mita 2 ke nan ido rufe. A sa masa iyakar mikrosakan 6000, wato kusan mita ɗaya, ya wadatar. Ko an yi haka, ana son tazarar milisakan 60 tsakanin awo da awo, wanda a wancan gudu santimita 12 ne, ga kuma santsin tsayawa. Ma'anarsa ita ce yawancin motocin wasa sun fi idonsu sauri, kuma rage gudu zuwa rabi ya fi ƙara na'urori amfani.

VL53L0X tana auna nisa da hasken leza har kusan mita 2 a cikin ɗaki, ƙarama ce ƙwarai, kuma labule ba ya ruɗa ta, amma a rana nisan ganinta yana raguwa sosai, ga tsada da wuyar samu, don haka ƙari ce ga mai hali, ba madadi ba. Abin da na fi ba da shawarar a ƙara shi ne wanda ba a saye: maɓallan cikin tsohon linzamin kwamfuta guda biyu, a ɗaura su a goshin motar da ɗan lanƙwasasshen ƙarfe a gabansu. Duk abin da idon ya kasa gani, goshin zai taɓa shi, manhajar ta tsayar da inji kafin direba ya yi zafi.

Sai ƙwaƙwalwa. Arduino, wanda aka faro a garin Ivrea na Italiya a 2005, yana da alluna biyu da suka shafe mu, Uno da Nano na asali, kuma ayisi ɗaya ne a cikinsu, ATmega328P mai gudun megahaz 16, da kilobayit 32 na ajiye manhaja da 2 na aiki. Lambobin ƙanana ne, amma manhajar kauce wa cikas ba ta cin ko rabinsu. Uno ya fi daɗin koyo a kan teburi, sai dai tsawonsa ya kusa santimita 7 kuma wayoyin da ake sokawa a ramukansa suna zarewa da girgiza. Nano milimita 18 ne a 45, yana shiga cikin motar a rufe. Babbar falalarsu ita ce da volt 5 suke aiki, kamar HC-SR04 da injin sabo (servo), don haka waya ce kawai tsakaninsu, kuma darussansu da Faransanci da Turanci ba su ƙirguwa. Ana ma iya loda musu manhaja daga wayar Android ta hanyar ArduinoDroid da igiyar OTG, wanda yake da muhimmanci a gidan da babu kwamfuta. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne manhajar Servo da ke sarrafa injin sabo tana kashe sarrafa gudu a ƙafa ta 9 da ta 10, don haka sai a kai direba ƙafa ta 5 da ta 6.

ESP32 na kamfanin Espressif da ke Shanghai, wanda ya fito a 2016, ya fi su ta kowace lamba: ƙwaƙwalwa biyu masu kai wa megahaz 240, kilobayit 520 na aiki, da WiFi da Bluetooth a jikinsa, kuma sau da yawa farashinsa bai yi nisa da na Nano ba. Idan burin shi ne a tuƙa motar da wayar hannu a madadin rimot ɗin da ya ɓace, shi ne zaɓe, domin yana iya buɗe WiFi nasa da shafin maɓallai ba tare da intanet ko data ba. Nano ma zai yi haka da ƙarin allon Bluetooth na HC-05, amma da Android kaɗai, ba da iPhone ba. Sai dai ESP32 yana da ƙa'idoji da yawa ga mai farawa. Da volt 3.3 yake aiki, don haka ƙafar Echo ta HC-SR04, wadda ke mayar da amsar awo da volt 5, sai an sauko da ita da rasisto biyu, na kilo-om 1 da na 2. Ƙafafu 6 zuwa 11 na ma'ajiyarsa ne ba a taɓa su, 34 zuwa 39 karɓa kawai suke yi, wasu kuma irin 0 da 12 suna iya hana shi tashi idan an jona musu abu. Rediyonsa yana fizgar ɗaruruwan miliamfiya, ta yadda batirin da Nano zai haƙura da shi, shi zai riƙa mutuwa yana tashi. Kayan aikinsa na kwamfuta kuma ɗaruruwan megabayit ne, gara a kwafa daga wanda ya riga ya sauke. A kuma duba sunan da kyau, domin ESP32-C3 da S3 ba su da tsohon Bluetooth ɗin da yawancin manhajojin tuƙa mota ke amfani da shi.

Raspberry Pi Pico, wanda ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, ya dace da ɗalibin Jami'ar Marwa ko ta Ngaundare da ya riga ya san Python, kuma yana da falala ɗaya da sauran ba su da ita, wato yana karɓar wuta daga volt 1.8 zuwa 5.5, don haka 18650 guda ɗaya tare da DRV8833 sun isa ƙaramar mota. Shi ma na volt 3.3 ne, da irin matsalar Echo. Micro:bit na BBC, wanda ake tsara wa manhaja ta hanyar jera tubala a fuskar waya, ya fi kowanne sauƙi ga 'yan firamare, amma yana da tsada, sai da wani allon jonawa na daban, kuma ban ga hikimar binne shi a cikin motar wasa ba.

Ga wanda wannan ne aikinsa na farko, Nano zan ce ya ɗauka, ya bar ESP32 sai motar ta iya kauce wa bango, tunda direba da batir da ido duka za su bi shi zuwa sabon allon ba tare da an sake sayensu ba. Kusan duk Nano da ke zuwa kasuwanninmu kwafi ne, kuma suna aiki lafiya, amma ayisin USB ɗinsu CH340 ne, wanda wasu kwamfutoci ba sa gane shi sai an sa musu manhajarsa, wasu kuma ba sa karɓar lodi sai an zaɓi Old Bootloader a jerin Arduino IDE, manhajar kwamfuta da ake yin lodin da ita. Igiyar USB ma a gwada ta, domin da yawa daga cikin waɗanda ake sayarwa na caji ne kawai, babu wayoyin bayanai a cikinsu. Idan mai kawo kayan a garinku yake, a je da kwamfuta ko waya a loda manhajar gwaji ta Blink, mai ƙifta fitilar allon, a gabansa kafin a biya. Idan kuwa saƙo za a yi daga nesa, direban a sayi biyu, domin shi ne yake fara ƙonewa, kuma kuɗin na biyun bai kai kuɗin motar da za ta sake kawo shi ba.